Taku Tamanin a Gonar Mai Zuma

Shekara ashirin da shida Baba Fenti ya yi a hukumar tsara gari, aikinsa guda ɗaya: ya bi bayan masu awo da gwangwanin jan fenti, duk gidan da sabon titi zai ci ya zana masa alama a bango. Bai taɓa hawa katafila ba, ko kujera ba shi da ita a ofis. Amma in ya shigo layi, magidanta masu furfura ne ke binsa da "ranka ya daɗe". Da ya yi ritaya sai gaisuwar ta ɗauke rana ɗaya, kamar an rufe famfo.

Ya gaji da zaman ƙofar gida, ya tashi da wata magana. Zai fitar da hanyar ƙafa mai tsawon kilomita ɗari da arba'in, daga madatsar ruwa har duwatsun arewa, don masu sha'awar doguwar tafiya a daji. Ba mota, ba rusau, ɗigon farin fenti kawai a jikin itatuwa.

"Kai da gwiwarka ke ƙara in za ka tashi daga tabarma?" in ji matarsa.

"Hanya ɗaya nake so in bari a duniya wadda ba ta kwantar da ɗakin kowa ba."

"Uhm. Ni dai Malam, na ga kamar gwangwanin kake kewa."

Rabin hanyar gandun dajin gwamnati ne. Jami'in gandun ya yarda, da sharaɗin duk mai gonar da za a ratsa ya sa hannu. Mutum hamsin da biyu ne. Cikin shekara huɗu Baba Fenti ya samu hamsin da ɗaya, ya kashe takalma bakwai, kare ya cije shi sau biyu. Sai ran Litinin jami'in ya kira shi.

"Baba, an yi mini canji. Juma'a nake miƙa ofis. In fayil ɗinka bai cika ba, wanda zai gaje ni ko buɗe shi ba zai yi ba."

Wadda ta rage wata tsohuwa ce mai kiwon zuma, ita kaɗai a ɗakin bulo da amya goma sha biyu. Gonarta ta maƙale tsakanin wayar kamfanin fasa dutse da wani kwazazzabo mai zurfi. Taku tamanin yake nema a gefen shingenta. Ya gwada ta kwazazzabon, ya gangara ya tsage ƙwauri. Ya gwada ta wajen kamfanin, maigadi ya koro shi da sanda. In babu takun nan, hanyar ta tsinke biyu.

Sau goma sha ɗaya ya je. Kullum sai ta ba shi ruwa, ta saurare shi har ƙarshe.

"Malam mai taswira, ƙudajena ba sa son baƙi. Ni kuma na fi su."

Ba ta san aikin da ya yi a baya ba. Shi ya sa wata rana ta ba shi labari: da tana da gida a gari, suka wayi gari da jar alama a bango. Maigidanta ya yi ta zaryar ofis-ofis har hawan jini ya kwantar da shi. "Har yau in na ga jan fenti, ko a ƙofar shago ne, sai na canja hanya." Baba Fenti ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙansa. Da gaske ya tausaya mata. Da gaske kuma ya ji wani sashe na zuciyarsa ya ɗauki maganar ya adana.

Ran Laraba ya durƙusa mata, da wannan gwiwar tasa.

"Iya, shekarata sittin da takwas. Ba ni da wata huɗun da zan sake farawa. Don Allah."

"Tashi, kada ka kunyata ni. Na riga na ba hanya gida sau ɗaya."

Alhamis take kai zuma kasuwa. Da safe ya shiga sito ya jawo tsohon gwangwanin jan fentin daga bayan taya. Saman ya bushe ya yi fata, ya huda da ƙusa, ƙasan na nan da ransa. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin.

"Farin ya ƙare ne?"

Ya ɗauki burushi ya fita.

Rana tsaka ya tsaya gaban bangon tsohuwar. Ya gaya wa kansa saboda mutum hamsin da ɗayan nan ne, saboda shekara huɗu, saboda ƙwaurinsa. Ya ɗauka zai kasa. Ko kaɗan. Burushi na taɓa bulo bayansa ya miƙe, ciwon gwiwa ya yi shiru, wani daɗi da ya manta ya taso masa har maƙoshi. Har lambar ƙarya ya rubuta a ƙasa, yadda ake yi.

Da la'asar ya dawo kamar mai wucewa. Ya tarar da ita zaune a ƙasa, ɗankwali a gefe, kwalabe a zube.

"Malam mai taswira, sun biyo ni! Kai ka san mutanen ofis, ka rufa mini asiri. Ina zan kai ƙudajen nan?"

Ya daɗe yana kallon alamar, yana murza gemu. Ya bar ta ta ƙara roƙo, fiye da yadda ake bukata.

"Dabara ɗaya ce, Iya. Gonar da hanyar gandun daji ta ratsa, ba mai ikon taɓa ta."

Ba ta ko nemi a karanta mata takardar ba, ta dangwala hannu. Ya shafe jan da fari, shafi uku. Ta yi ta sa masa albarka, da shi da iyayensa da jikokinsa, ta cusa masa kwalbar zuma a jaka. Ya ce a'a, ta rantse sai ya karɓa.

Ran Juma'a jami'in ya ƙirga hannaye ya buga hatimi.

"Baba, kai ne gwani! Ya aka yi tsohuwar nan ta sauko?"

"Lallashi," in ji shi.

A gida ya ajiye zumar a kan tebur. Matarsa ta dubi kwalbar, ta dubi jan da ya maƙale a farcensa, ta koma ɗaki ta turo ƙofa. Ya ɗauki gwangwanin zai kai shara. A tsakar gida ya tsaya. Can wajen kilomita na casa'in akwai wani mai gonar lemo da ya sa hannu a kan gefen titi kawai, ya hana shi bakin rafi, wurin da ya fi ko'ina kyau. Baba Fenti ya jijjiga gwangwanin kusa da kunnensa. Ya danne murfin da diddige don kada iska ta shiga, ya mayar da shi sito.