Likitan da Ya Ɗaga Hannu

Kafin mai shara ta gama goge barandar asibiti, shi ya riga ya iso. Ba ya wucewa ofis kai tsaye. Sai ya bi layin bencin da masu ciwon haƙori suke zaune, kowa ya dafe kunci kamar an aiko masa da mugun labari, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya duba wanda fuskarsa ta fi kumbura ya ce a fara da shi. Daga nan ya rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya sa farar rigar aiki, ya wanke hannu har gwiwa, ya kunna fitilar da ke saman kujera ya kashe ya sake kunnawa. Shayinsa a bakin taga yake hucewa kullum. Babbar nas ta ce tun da ta fara aiki da shi ba ta taɓa ganin ya sha shi da zafi ba.

Likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ne, kuma shekara talatin da huɗu ya yi a wannan ɗaki kafin ya yi ritaya a watan jiya. Mutanen unguwa ba su da lokacin furta wannan dogon suna, don haka suka raɗa masa Likita Ɗaga-Hannu.

Asalin sunan daga bakinsa ya fito. Duk wanda ya taɓa hawa kujerar nan ya san halin da ake shiga: baki a wangame, auduga a gefe, ƙarfe a ciki, ga magana a ranka amma babu hanyar fitar da ita. To shi kafin ya taɓa bakin kowa sai ya ce, "Bakinka yana hannuna, amma hannunka yana wurinka. Da ka ɗaga shi zan tsaya." Na san wasu ma suna faɗin irin wannan. Bambancin shi ne shi yana tsayawa ɗin, cak, ya ajiye ƙarfen a faranti, ya jira. Babbar nas ta ba ni labarin wata tsohuwa da ta ɗaga hannu sau goma sha ɗaya a kan haƙori ɗaya, har ita nas ɗin ta fara cika tana batsewa, shi kuwa sau goma sha ɗayan ya tsaya. Kuma akwai kalmar da ya haramta a ɗakin, wato "saura kaɗan". Ya ce ita ce ƙaryar da ta fi kowace korar mutane daga asibiti. In da saura da yawa, sai ya ce da saura da yawa.

Ranar Asabar ba ya aiki, amma ba a samunsa a gida. Yana da wata tsohuwar jaka da tocila da safar hannu a ciki, yau yana tasha, wani makon yana rumfar kasuwa, wani makon a harabar makaranta, yana leƙa bakunan mutane kyauta. 'Yan acaɓa da yawa da suka ci ƙasa shi ya ɗaure musu muƙamuƙi da waya, kuma ba ya sallamar mutum sai ya yi masa faɗa a kan hular kwano. Wata mai sayar da kayan miya ta gaya min cewa shi ya hango jaririyar da take goye da ita ta lulluɓe fuskarta da mayafi saboda tsagaggen leɓe. Bai ce ta buɗe a gaban jama'a ba. Ya sayi tumatir, ya ce mata a hankali ta zo ranar Talata ta ƙofar baya. Yarinyar yanzu malamar makaranta ce, sai ka ƙura ido kafin ka ga tabon.

Ba zan ɓoye ba, ni ba 'yar ba-ruwana ba ce a wannan rubutu. Bakin mahaifina ne ya sa na ɗauki biro.

Babana tela ne, kuma a layinmu Rediyo ake ce masa, domin keken ɗinkinsa yakan huta amma bakinsa ba ya hutawa. Sai dai wannan baki da ba ya rufuwa, shekara hamsin babu wanda ya isa ya leƙa cikinsa. Yana ƙarami wani mai cire haƙori a kasuwa ya sa aka danne shi, yana ta ce masa saura kaɗan, saura kaɗan, har haƙorin ya karye a ciki. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Ko wucewa ta ƙofar asibiti zai yi sai ya tsallaka titi.

Wata Asabar Likita ya kawo farar rigarsa shagon Baba a ɗinke masa aljihu. Yana zaune a benci yana kallon Baba yana zuba, sai ya ce masa ai da haƙorin gefen dama yake yanke zare, ga gurbin nan zaren ya ci. Baba ya yi turus. Likita ya ce ba duba ba ne, shi a baki yake gane sana'ar mutum: tela da gurbin zare, kafinta da gurbin ƙusa, makanike kuwa da haƙori yake buɗe kwalba sai ya zo yana cewa sanyi ne. Daga ranar suka zama abokai, Baba yana kiransa tela ɗan'uwana, yana kuma tsokanarsa cewa ɗinkinsa ba ya da ado. Sai da aka shekara biyu kafin Baba ya yarda ya hau kujera a cire masa haƙorin turmi. Sau huɗu ya ɗaga hannu. Daga baya ya gaya mana biyu daga ciki gwaji ne kawai.

Bara ne Rediyo ya fara rage murya. Mama ce ta fara lura: ya bar gemu ya cika, ya daina cin nama, burodi ma sai ya jiƙa a shayi ya tauna da gefe ɗaya. Da ta matsa masa ta taɓa, sai ta ji kumburi mai tauri a ƙarƙashin gemun. Aka yi hoto, Likita ya manna shi a jikin fitila ya nuna mana. Ƙari ne a cikin ƙashin muƙamuƙi. Ba irin mai yaɗuwa ba ne, amma yana cin ƙashin daga ciki kamar yadda gara take cin katako, kuma in aka bar shi, wata rana muƙamuƙin zai karye, ba tauna, ba magana. Dole a sa shi barci a buɗe a cire, a kusa da wata jijiya siririya kamar zare wadda in aka taɓa ta leɓe zai mutu. Na zaci Baba zai tashi ya gudu. Sai kawai ya ce in dai tela ɗan'uwansa ne zai yi ɗinkin, a sa rana.

Saura kwana uku Likita ya aiko mu je. Muka shiga, ya rufe ƙofa, ya ɗauko shayinsa daga taga, sai na ga ruwan yana rawa a cikin kofin. Ya ajiye, ya miƙa hannun damansa a gabanmu, babban yatsan yana kakkarwa kaɗan, irin wadda in ba a nuna maka ba ba za ka gani ba. Ya ce wata biyu ke nan da ya fara ji, ya je wajen 'yan'uwansa likitoci, sun ba shi magani, ta ragu amma ba ta tafi ba. Babu wanda ya sani a asibitin. Ya ce zai iya shiga ya yi aikin, mai yiwuwa ma a fito lafiya, amma ba zai ɗora bakin abokinsa a kan mai yiwuwa ba. Likitar da ta yi shekara goma tana aiki a gefensa ita za ta yi.

Baba ya miƙe. "Ko kai, ko a bar ni da abina."

Likita ya ɗaga hannun nan mai rawa sama, ya riƙe shi a haka. "Malam Tela, shekara talatin da huɗu kuna ɗagawa ina tsayawa. Yau ni na ɗaga. Ka tsaya mini."

Baba bai tsaya ba. Ya fice, ya bar hularsa a kan tebur. Gaskiya ni ma na ji haushin Likita a ranar, haushi mai yawa. Na ce a raina, mutumin da ya yi shekara hamsin yana gudu, sai da ya sakankance sannan za a janye masa tabarma? A ce ma ya yi shiru ya yi aikin, wa zai sani? Kunyar wannan tunani har yau ba ta sake ni ba.

Washegari da hantsi sai ga Likita a shago, hular Baba a hannunsa, likitar tana biye da shi. Mace ce mai ƙarancin magana, ta durƙusa ta gaida Baba, ya amsa yana kallon keke. Can ya yanko ƙyalle, ya miƙa mata da allura da zare, ya ce, "'Yata, haɗa min bakin nan biyu." Ba ta yi dariya ba, ta zauna ta ɗinke. Ya karɓa ya juya bayan ɗinkin, don tela ba ya duba gaba, ya ja ya sake ja, ya ajiye. Likita ya ce ai ba a fafe gora ranar tafiya, shekara goma yana shirin wannan rana, bai dai san a kan abokinsa za ta faɗo ba.

Baba ya daɗe yana murza zare a yatsa. Da ya buɗe baki, muryar da ta fito ba ta Rediyo ba ce.

"Likita, ba hannunta nake tsoro ba. In kun sa ni barci, da wane hannu zan tsayar da ku?"

"Da nawa. Zan zauna a gefenka in riƙe hannunka. In na ga abin da bai yi min ba, ni zan ɗaga maka shi."

Aka yi aikin a ranar da aka sa. Awa biyar muna zaune ni da Mama a bencin nan na masu dafe kunci. Abin da ya faru a ciki daga bakin babbar nas na ji. Ta ce an ajiye wa Likita kujera a gefen gado, ya zauna ya riƙe hannun Baba ta ƙarƙashin koren ƙyalle, bai taɓa ƙarfe ko ɗaya ba, bai ce uffan ba, mutumin da ɗakin nan nasa ne tun kafin a haifi wasu daga cikinsu. Da aka zo kusa da jijiyar, sai ya ɗaga hannun Baba sama. Likitar ta tsaya cak. Ta matsar da fitila ta nuna masa ta riga ta ga jijiyar, har ta kauce mata. Ya leƙa, ya mayar da hannun a hankali ya ce, "Ci gaba, kin fi ni gani." Nas ta ce nan ne ta juya baya tana gyara farantin da ba ya bukatar gyara.

Mako shida bakin Baba yana ɗaure da waya. Layinmu ya yi tsit, har mai wankin da ke kusa da mu ya ce yanzu ne ya san agogon shagonsa yana ƙara. Ranar da aka kwance wayar, Baba ya karɓi madubi ya ja leɓe ya duba ɗinkin ta ciki, yadda ya duba ƙyallen nan, ya ce wa likitar wannan ba ya bukatar gyara. Sannan ya juya wajen abokinsa.

"Ka ɗaga min?"

"Sau ɗaya."

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya."

Likita, kai ne wanda ka san cewa mai buɗaɗɗen baki a kujera ma yana da ta cewa. Kai ne ka je tasha da kasuwa ka nemo waɗanda tsoro ya hana su nemanka. An yabe ka a wajen sallama da yawan bakunan da ka gyara, kuma yabon gwani ya zama dole, amma ni abin da nake jinjina maka a kai aikin da ba ka yi ba ne. Ka ajiye wuƙa tun ba wanda ya ce ka ajiye, a lokacin da sunanka ya isa ya rufe maka asiri, kuma ka yarda abokinka ya yi fushi da kai a kan ya rasa leɓensa. Na gode, Mama ta gode, layinmu ma ya gode, duk da cewa mai wanki ya ce ka dawo masa da ciwon kai.

Ina kira ga duk wanda ake zama a gabansa ba a iya magana, likita ne ko malami, mai ofis ko maigida, ya bar wa na ƙasa da shi hannu ɗaya da zai ɗaga, in ya ɗaga kuma a tsaya. In ranar taka ta zo, kai ma ka ɗaga naka, kada ka jira sai an riƙe maka shi.

Har yanzu Likita yana fita ranar Asabar da tsohuwar jakarsa, don rawar hannu ba ta hana riƙe tocila. Yakan ƙare a shagonmu, a kan bencin nan. Baba dai ya kai shekara uku yana rantsuwa cewa masu yin allura ne suka rage girman kafarta, ba idonsa ba ne. Asabar ɗin da ta wuce na shiga na tarar yana ta kai zare yana kuskurewa, Likita yana kallonsa. Ya gwada na biyar, ya gwada na shida. Sai ya ajiye zaren, ya ɗaga hannu sama, ya miƙo min allurar.