Ranar da Mahaifiyata Ta Ga Cikin Mafitsararta

Shekarun baya, kafin in yi aure, mahaifiyata ta daina fita. Matar da ba a suna ko biki a Zongo babu ita, sai ga shi ƙanwata ta haihu a Asokore Mampong, ta ce ni in je in wakilce ta. Na ɗauka fushi take yi da surukai. Har na fara shirin sulhun faɗan da ba a yi ba.

Innata, wato ƙanwarta, ita ta ja ni gefe. "Ke, ba fushi ba ne. Fitsari ne. In ya taso mata ba ya jira. Rannan a trotro, motar haya, cikin cunkoson Tafo, ta jiƙa zaninta. Tun daga nan ta rantse."

Sai a lokacin na lura ko ruwa ta rage sha, leɓenta duk ya bushe. Alwala kuwa sai ta sake ta sau da dama kafin ta samu ta yi salla ɗaya.

Da ƙyar na kai ta asibiti. An gwada ƙwayoyi, suka busar mata da baki, cikinta ya ɗaure. Da muka koma, likitan ya ce akwai wata allura, Botoks. Na yi zumbur, don wata ƙawata ta taɓa nuna min a waya.

"Dokta, ba ita ce ta gyaran fuska ba?"

"Ita ce," in ji shi yana dariya.

Mma, mahaifiyar tawa, ta kalle ni ta kalle shi. "Ɗana, fuskata ta ishe ni haka. Ƙasa ne matsalar."

Ya bayyana mana cewa tsokar mafitsararta ce ke matsewa tun ba ta cika ba, allurar kuma tana sa ta saki jiki. Ni da shegen son sani na tambayi da me ake yin ta. Ya ce asalinta guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, irin wadda ake samu a abincin gwangwani da ya lalace, an tace ta, ɗan mitsitsi ake sawa. Nan na yi da-na-sanin tambayar, don Mma ta fara laluben takalminta. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce aikinta na watanni ne sai a sake, kuma wasu fitsarin kan riƙe musu har sai an sa musu robar fitsari na ɗan lokaci.

Ta yi sati tana juya maganar, ta yi istihara, sannan ta ce mu je.

Ni aka bari a waje ina ta zufa. Ita ta fito tana ba ni labari kamar wadda ta dawo daga kallo. An shigar da siririn bututu mai kyamara, nas ta ce ta rufe ido, ta ce a'a, a juyo mata talabijin ɗin.

"Na ga cikina! Kamar tumbin rago da aka wanke tas, ga jijiyoyi ja-ja. Ashe wannan 'yar jakar ce ta tsare ni a ɗaki?"

Bayan kwanaki abin ya lafa. Da kanta ta hau trotro ta je ta ɗauki jikarta. Har yau tana komawa in ƙarfin allurar ya ƙare.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo baya. Mma ba ta iya riƙe labari, ta baza shi a wurin tafsiri. Sai ga tsofaffi suna biyo ni ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa: "'Yata, wace allura ce aka yi wa mamanki? Wata ce ta ce in tambayar mata." Shekara da shekaru ina ganinsu zaune a bakin ƙofar masallaci, ni duk a zatona iska suke sha.