Kaskon Kare da Hannun Auta

Gidana shi ne na ƙarshe a Ruwan Gizo ta gabas, daga dangarmu sai gonaki. Shekarar da autarmu ta fara rarrafe aka kwance mana awaki biyu a turke da rana tsaka. Ranar Talata ce, ina kasuwar Mafara, matata kuma ta shiga maƙwabta barkar haihuwa da yara. Awakin nata ne. Da akuya guda ta zo daga gidansu a Bakura, ta yi ta kiwo har suka kai bakwai, a yini ɗaya suka koma biyar. Tun ranar na ƙudura a raina sai na ajiye kare.

Da na faɗa mata, ba ta ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce tana yarinya ta ga kare ya yagi ƙanenta a sha-raɓa, har yau tabon yana nan. Ta ce gara a kwashe biyar ɗin da suka rage da ta ga haƙorin kare a jikin ɗanta. 'Ya'yanmu huɗu, babban bai wuce shekara takwas ba, kuma duk a ƙasa suke wuni. Na ce mata ta yi gaskiya, amma ni awakin nake so su tsira, yaran ma su tsira, kuma zan nemo karen da zai iya duka biyun. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa wanda ya ce zai ɗebi ruwa da kwando.

Na fara zuwa wurin limaminmu. Ya ce kare don tsaron dabbobi ko gona ya halatta, sai dai kada ya shiga ɗakin kwana, a ware masa kaskonsa, idan kuma ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Wannan bai yi mini wuya ba.

A Mafara akwai wani ma'aikacin gwamnati, Kirista ne daga kudu, da nake kai wa itace. Yana da irin manyan karnukan nan masu gashi da ake kira karen 'yan sanda. Da ya ji abin da nake nema ya ce in karyarsa ta haihu zai ba ni ɗaya kyauta, amma bai ɓoye mini komai ba. Ya nuna mini tukunyar da ake dafa wa karen shinkafa da ƙashi, ta fi wadda ake yi mana miya girma. Ya ce da bazara sai an riƙa watsa masa ruwa, in ba haka ba ya kwanta yana haki kamar zai mutu. Na dubi karen, da ya miƙe ya kai mini ƙugu. Ko da wasa ya bangaji auta ya gama da ita. Na yi godiya na ɗauki igiyar itacena.

Daga nan na tafi Dosara wurin taubashina, ɗan kawuna, mafarauci ne tun tasowarsa. Na iske shi a ƙofar gida yana gyaran gora. Bayan mun gama gaisuwa, mun tambayi gida da gona da gajiya, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Kai da ka gudun ɗan tsako, kare za ka aje?" ya ce. "Bawana ya girma."

"Bawanka ya zo karɓar haƙƙinai. Shekara nawa kana cin gyaɗata?"

Ya kai ni bayan rumbu inda karyarsa ta haihu. 'Ya'yan biyar ne, ba su fi sati uku ba. Ya riƙa kama kunnen kowane yana ɗaga shi sama. Huɗu suka yi ta kuka, ya ajiye su gefe. Na biyar, wani ja mai farin ƙirji, bai yi kuka ba, sai ya murɗo kai yana neman yatsansa ya ciza. Ya ce wannan shi ne kare, haka iyayenmu suke zaɓa. Ya sa aska ya rage masa kunnuwa a nan take. Ya ce kada in bari ya ƙoshi, in riƙa barbaɗa masa barkono a abinci don zuciyarsa ta yi zafi, in kuma ɗaure shi inda ba zai saba da mutane ba. Ba a sayen kwikwiyo tsakanin dangi, sai na ajiye masa goro na sa ɗan karen a kwando na ɗaure bayan keke.

Duk abin da ya ce na bi, don shi ya san kare, ni ban sani ba. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, shi yana zaɓen wanda zai bi zomo da gada cikin ƙaya ne, ni kuwa wanda zai kwana kusa da 'yan awaki da yara nake nema.

Wata uku karen ya yi a gidana. Ya yi tsawo, ya yi kyau, ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Ya kashe 'yan tsaki biyu, na ce ƙuruciya ce. Wata rana da hantsi ina gyaran danga, an zuba masa ƙanzo a kasko, auta ta rarrafa ta nufi wurin. Babu wanda ya lura sai da muka ji gurnani. Kafin in jefar da igiyar hannuna ya cafki hannunta. Allah ya sa bai huda ba, shatar haƙori biyu ce kawai a bayan hannun, amma kukan da ta yi har maƙwabta sun leƙo.

Matata ta ɗauke ta, ta wanke hannun da sabulu, ta duba ta sake dubawa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Malam," ta ce, "ba ni zuwa Bakura, ba ni kai ƙara wurin kowa. Amma muddin da kare cikin gidan ga, ɗiyata ba ta sake taka ƙasa."

Ta goya ta. Da goyon ta yi daka, da shi ta ɗebo ruwa, da shi ta yi tuwo, yarinyar tana ta zillo tana son sauka. Washegari na mayar da karen Dosara. Taubashina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai alamar kare na gari ce, tun yanzu ya san nasa. Ya karɓe shi da murna, na ji daga baya ya zama gwani a daji. Karen bai yi laifi ba, abin da aka zaɓe shi ya yi aka kuma koya masa, shi ya yi.

A majalisarmu an kwana biyu ana yi da ni. Wani ya ce in ɗauki agwagwa ta yi mini gadi. Na bar su. Na shiga ajin yaƙi da jahilci gemuna da furfura, na shekara ina rubuta baƙi ɗaya yana fitowa a karkace, dariyar majalisa ba baƙuwa ba ce a wurina. Matata ta ɗauka maganar kare ta mutu. Na ce mata ba ta mutu ba, sai dai ba zan sake kawo wani ba sai na san uwarsa da irin zaman da ya yi.

Bayan girbi, wani dattijon Bafillace daga wajen Damaga yakan sauka da shanunsa a gonata, su ci kara su bar mini taki. Mun shekara fiye da goma a haka. Da na je yi masa barka da sauka na ga karyarsa da ciki, wata fara mai ɗigon baƙi, ba babba ba, siririya. Ban taɓa kula da ita ba sai a wannan shekarar. Tana kwance a inuwar bukka, jikokinsa biyu ƙanana suna hawa kanta, ɗaya yana jan kunnenta. Da abin ya ishe ta sai ta tashi ta koma wata inuwar. Amma da na matso kusa da 'yan maruƙa ta sha gabana tana haushi, ba ta bari na ƙara taku ba sai da ya yi mata magana.

Na ba shi labarin abin da ya faru, har da barkonon.

"Kaɗo," ya ce, "kai in an hana ma ƙoshi, an zuba ma tonka a tuwo, an ɗaure ka, wa za ka bari ya taɓa akushinka?"

"Ba kowa, Baffa."

"To."

Ya ce in ta haihu zai ba ni ɗaya, amma ba zan ɗauka ba sai ya cika wata biyu yana shan nonon uwarsa, don ita ce ke koya masa iyakar cizo. In ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi ita za ta ladabtar da shi, wanda aka raba da ita da wuri ba ya samun wannan karatun. Ya ce kuma ba a zaɓen kare rana ɗaya, in riƙa zuwa ina zama ina kallo.

Haka na yi. Karyar ta haifi shida. Kusan kullum bayan la'asar nakan je in zauna a kan turmi in yi ta kallonsu har rana ta yi ja. Mutane suna wucewa suna tambaya ko na koma kiwo ne. Da suka fara cin abinci, matar dattijon takan zuba musu tsaki da ɗan madara a faffaɗan kasko, a tsakiyar 'yan tumaki da yara, ba a ware su ba. A nan na fara gane halin kowane. Akwai wani baƙi da yake ture kowa ya sa ƙafa cikin kaskon, taubashina da shi zai ɗauka. Akwai wata da ko tari aka yi sai ta shige ƙarƙashin gado, dattijon ya ce matsoraci ma yana cizo, don in ya rasa wurin gudu da baki yake kare kansa. Hankalina ya tsaya a kan wata mai kama da uwar. Ba ita ke fara zuwa ba, ba kuma ita ce ta ƙarshe ba. Sau da yawa na ga ƙaramin jikan ya sa hannu cikin kaskon tana ci, sai ta ja baya ta zauna tana kaɗa wutsiya har ya cire. Na gwada da kaina, na janye kaskon daga bakinta ranaku daban-daban har sau biyar. Ko sau ɗaya ba ta yi gurnani ba.

Dattijon ya ce in kawo tsohon zanen goyon auta. Na roƙi matata, ta ba ni ba tare da ta tambayi dalili ba, ko da yake na san ta gane. Aka shimfiɗa wa 'yar karyar shi ta kwana a kai mako guda, don ta san warin yarinyar kafin ta gan ta.

Ranar da zan ɗauko ta ban wuce gida da ita ba. Na kai ta wurin malamin dabbobi a Mafara ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsa, ya rubuta a kati ranar da zan dawo da ita allurar ciwon hauka. Na karanta ranar da kaina na sa katin a aljihu. A gida na yi mata 'yar rumfa a jikin turken awaki, ban ɗaure ta ba, na kuma tara yaran na gaya musu ba a dukanta, ba a hawanta, ba a tashinta in tana barci.

Matata ta fito da auta a bayanta ta tsaya daga nesa. Ta ce ita ba ta yarda da gwajin da ba ta gani ba. Ta karɓi kaskon daga hannuna, ita da ko kusa da kare ba ta zuwa, ta zuba tuwon jiya da ruwa ta ajiye. Da 'yar karyar ta fara ci, ta sunkuya ta janye shi. Karyar ta zauna ta ɗaga kai tana kallonta. Matata ta mayar, ta sake janyewa. Haka ta yi safe da yamma har kwana tara, kuma duk kwanakin nan yarinyar tana goye, bayan uwar har ya yi ƙuraje don zafi. Ban ce mata ta gaggauta ba.

A rana ta goma da hantsi ina zaune ina ɓare masara, matata ta zo ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kwance goyon. A lokacin auta ta fara tsayuwa tana dafa abu. Ta rarrafa kai tsaye wurin rumfar, mu biyu muna biye da ita taku ɗaya a baya. Ta dafa bayan karyar ta miƙe, ta yi tangaɗi, ta faɗa mata a ciki da dukkan nauyinta. Karyar ta yi 'yar ƙara, ta zame jikinta, ta shinshina ƙafar yarinyar, ta koma gefen awaki ta kwanta.

Sannan matata ta ce mini in an ci abinci a riƙa ajiye wa karyar ƙanzon tun da ɗumi, kuma kada in kuskura a yanke mata kunne. Ta koma wurin turminta, ni kuma na ja masarata kusa da rumfar na ci gaba da aiki, ido ɗaya a kan yarinyar.