Man da Gurbachan Ya Zuba

Safiyar Laraba Gurbachan Singh ya ɗaga wani tsumma a kan bencin garejinsa, ya ga mazurari jiƙe da mai, ga gwangwanin man a gefe babu ko ɗigo. Babur ɗaya kacal ya taɓa a makon nan, shi kuwa wannan babur bai kamata ya sha mai a wurin ba.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran tsofaffin babura a birnin Ludhiana na ƙasar Indiya. Kunnensa ne ma'auninsa. Tun babur na shan kwana zai ce maka sarƙar da ke tsakanin inji da kuloci ta saki. Sai Tarsem, wanda ya yi shekara tara yana koyon aiki a hannunsa, ya buɗe gareji daidai tsallaken titi, ya shiga cire wa tsofaffin babura sarƙa yana sa musu bel. Ba ƙara, ba ɗigar mai a tsakar gida. Mutanen Gurbachan suka riƙa tsallakawa ɗaya bayan ɗaya.

Ya juya wa titi baya da kujerarsa, amma ya kafa madubin babur a jikin bango yana leƙe.

"Shayinka ya huce, maigida," in ji matarsa Surinder in ta kawo masa abinci. "Ko sai ka gama ƙirga baburan mutane?"

Masta Joginder, tsohon malamin makaranta, shi kaɗai ya rage masa. Shi ma kwanakin baya ya ce, "Gurbachan, zan bi hanyar duwatsu zuwa garin Keylong, kunnena kuma ya gaji da ƙarar nan. In bel ɗin ya fi ƙarfinka, in leƙa wajen ɗalibinka."

"Ɗalibina? Ni na koya masa riƙe sifana!"

Gurbachan ya sa aka aiko masa da kayan bel daga Delhi, ya sauke ƙofa rabi don kada Tarsem ya gani. Aiki ya yi kyau. Ya mayar da murfi, ya ɗaure. Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba tun yana saurayi: ya cika gidan sarƙa da mai. Talata da sassafe Masta ya kama hanya.

Yanzu da ya ga mazurarin, Gurbachan ya kira wayar Masta sau shida, ba ta shiga. Ya gyara rawaninsa, ya tsallaka titin da ya yi shekara uku bai tsallaka ba.

Tarsem ya miƙe ya taɓa gwiwoyin malamin nasa don girmamawa. "Ustad ji! Yau wace rana? A kawo shayi!"

"Bar shayin nan. Wani... wani ne ya zuba wa bel mai."

"Wane jakin ne?"

Da Tarsem ya dubi fuskar Gurbachan, murmushinsa ya gushe.

"Na roba ne, baƙi?"

"Baƙi."

"Mai yana cinye shi, Ustad ji. Haƙoran za su zube, ko yau ko gobe. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya tsayawa kawai zai yi. A gangaren dutse kuwa inji ba zai riƙe shi ba, sai birki. Ka san birkin tsofaffin nan. Wa ke kan babur ɗin?"

"Masta."

Tarsem ya ɗauki waya ya kira wani bakanike a Manali, garin da ke kan hanyar Keylong, da masu manyan motoci biyu da ke bin hanyar, ya ba su lambar babur, ya ce a tare dattijo mai farin gemu duk inda aka gan shi. Abin da ya ƙara ci wa Gurbachan rai, har a wannan halin, shi ne yadda kowa ke amsa wa Tarsem da girmamawa.

Bakaniken Manali ya ce Masta ya wuce ta gabansa da ƙarfe bakwai na safe. Daga can sama waya ba ta shiga. Har la'asar Gurbachan na zaune a kan bencin Tarsem, ba wanda ya kira.