Furar Gwaggo a Babban Mutum

Fita daga Daura

Ana idar da sallar asuba Abban Hanifa ya shigo yana tafa hannu, wai mu tashi kada rana ta same mu a gari. Na goya Sadiƙ, na ja hannun Hanifa tana tafe tana gyangyaɗi. Shekara guda ke nan muna wannan abu, tun da likita ya ce yana da ciwon suga, ya bar zaƙi, ya riƙa tafiya a ƙasa. Da wani mijin ne, unguwa zai zagaya ya dawo. Nawa sai ya ce duk gidan za a yi. Mun taka har Kusugu. Mun hau dutse, na tsuguna a tsakiya ina salati. Mun je bakin dam, Hanifa ta bar wa taɓo takalminta ɗaya. Ya kuma hana ni faɗa wa kowa ciwon, wai ba ya son kallon tausayi.

To ku ji inda abin yake ci mini rai. A ƙauyukanmu ba a ganin magidanci da mace mai goyo suna tafe a ƙasa a ƙyale su. Sai an shimfiɗa tabarma, a dama fura, a cika mata suga don girmama baƙo. Shi kuma bakinsa ba ya iya cewa a'a. Ya shanye, mu dawo gida ya wuni kwance jiki ba ƙwari, ni ina ta zagaya shi.

Hanyar Baure

Mun sami mota a tasha kafin gari ya gama wayewa. Muka wuce Zango, muka wuce Baure, a shingen jami'an tsaro aka leƙo aka ce mu tafi. Saura kaɗan mu isa garin Babban Mutum, wurin gwaggonsa, sai Abban Hanifa ya ce direba ya tsaya.

"Malam, ai ba mu iso ba."

"Motsa jiki za mu yi."

Direban ya kalli goyona ta madubi ya ce, "Hajiya, Allah ya ba ki lada."

Muka ratsa gonakin da aka girbe. Ƙarangiya ta cika mini gefen zane. Mai amalanke ya ce mu hau, Abban Hanifa ya ce mun gode, Hanifa ta fasa kuka. Wani dattijo ya tare mu a bakin rijiya. "Lafiya dai? Ko rasuwa aka yi muku?" Kafin a gama bayani an miƙo kofin fura. Na zuba wa Abban Hanifa ido. Ya juya mini baya ya sha rabi.

Babban Mutum

Da hantsi muka shiga gidan Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi. Tun da aka kawo ni danginsu ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba.

"A ƙasa? Kai Sani, in talauci ne ya kama ka ai sai ka faɗa!"

Ta jawo ƙwarya, ta farfasa fura, ta tuttula nono. Ina kallo ta kife gwangwanin suga a ciki.

"Na san halin ɗana, tun yana yaye ba ya cin abu sai da zaƙi."

Leɓɓansa sun riga sun bushe, gumi na bin wuyansa. Ya ɗauki ludayi ya yi bisimilla. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Kada ya sha. Ciwon suga gare shi."

Kallon da ya yi mini ban taɓa ganin irinsa ba. Gwaggo ta zare ludayin daga hannunsa.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun bara."

"Tun bara kana jan 'yar mutane cikin ƙaya, kana shan abin da zai kwantar da kai, don kunya? Tashi ka ba ni wuri." Ta sa aka kwaɗa masa zogale, ta turo ƙwaryar gabana. "Sha, 'yata. Ke ce kika yi tafiyar."

Komawa gida

Muka kamo hanya a mota har Zango. Can ya ce, "Da kin bari na faɗa da bakina."

Na ce, "Shekara guda na ba ka."

Muna shiga Daura da la'asar wayarsa ta fara ruri. Gwaggo ta riga ta sanar da dangi kaf, kowa na kira yana masa faɗa.

Na gode wa Allah da ya maido mu ƙofar gidanmu lafiya, na gode wa Gwaggo, da duk wanda ya tsaya mana a hanya da kyakkyawar niyya. Maigidan har yau yana ɗaure mini fuska. Ya ɗaure ɗin. Ni dai na gan shi da safen nan a tsaye, yana neman takalminsa.