Edna Cutforth da Ganuwar Kogin Thornsey

Ƙarfe shida na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, Edna Cutforth tana kan ganuwar ƙasar da ta raba ƙauyenmu da kogi. A hankali take tafiya, tana caka sanda cikin ciyawa, tana neman inda ƙasa ta yi laushi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana haka, kuma ba wanda ya sa ta.

Ƙauyenmu Thornsey a kwari yake. In kogi ya cika, yakan fi tagoginmu tudu. A bangon coci akwai sunayen mutum goma sha tara da ruwa ya ci a zamanin kakanninmu. Mukan wuce ba ma son kallo.

Wata Talata da hantsi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta shigo kantin ƙauye da laka har gwiwa.

"Ganuwa na yoyo a bayan gonar Horace," ta ce. "Ruwan ja ne, ƙasa yake kwasowa. Ku ɗauki yara ku hau tudun coci."

Horace Maltby mai tumaki ya yi dariya. "Edna, bara ma haka kika ce, muka wuni a coci muna shan shayi mai sanyi."

"To, je ka sa hannunka a wurin," ta ce.

Ya je. Da ya dawo sai ya shiga kora tumakinsa tudu, mu ma muka ɗebi yara muka bi shi.

Da la'asar ganuwar ta fashe. Muna kan tudu muka ga ruwa ya shigo titi yana ture motoci. Aka kira sunaye, babu Edna. Muka yi cirko-cirko, kowa na gudun idon ɗan'uwansa. Can sai ga ta, ruwa iya ƙugu, goye da tsohuwa Winifred, kurmar da duk muka manta da ita.

Ke ce idon garin nan, Edna. Kin sha ba'armu, kika hana a ƙara suna ko ɗaya a bangon cocin nan. Mun gode.

Yanzu gwiwoyinta sun gaza, ta daina hawa ganuwa. Ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo ƙofarta yadda ake duba ganuwar. Har yau ba wanda ya ƙwanƙwasa, kuma kwana tara ke nan ana ruwa.