Auke, Mai Tare Mana Iska

Shekara talatin da takwas Auke Hiemstra ya yi yana raba wasiƙu a garinmu a kan keke, kuma bai taɓa bari kowa ya manta ba. Da ruwa da ƙanƙara, da iskar arewa mai kayar da ɗan rago, bai taɓa sauka ya tura kekensa ba. Dogo ne siriri, ga manyan kunnuwa da sanyi ya mayar jajaye. Bai yi aure ba. Da yayarsa Baukje suka zauna a gidan iyayensu da ke bayan coci, ita da girki shi da lambu, kullum suna faɗa a kan gishiri, har ranar da ta faɗi a banɗaki aka kai ta gidan kula da tsofaffi a birni. Daga nan gidan ya koma daga shi sai agogon bango.

Abin da ya rage masa shi ne Laraba. Mu biyar ne, duk mun ajiye aiki. Ni Hidde, tsohon mai gashin burodi, ni ne mai kaifin baki a cikinmu, kuma ban taɓa musu ba. Ƙarfe tara muke haɗuwa a gindin tsohuwar gada mu bi hanyar kekuna da ta zagaye garin. Kwalta ce mai faɗin taku uku, ba mota ba hayaƙi, ta ratsa filayen kiwo ta hau ganuwar da ke tare teku, ta miƙe sambal kilomita goma sha huɗu zuwa shagon Jildou. Can za mu sha kofi da kek ɗin tuffa, mu dawo ta bakin tafki. Sauran kwana shidan, in ka cire mai kanti, ban san wanda Auke ke buɗe wa baki ba. Mu nan ba a faɗo wa mutum gida haka kawai, sai an duba kalanda an sa rana. To wa zai sa rana don ganin wanda zai gani Laraba?

Ƙasarmu ba ta da tudu. Iska ce tudunmu. A kan ganuwa layi ɗaya muke yi, taya na bin taya, na gaba ya tare iskar da ƙirjinsa, na baya su ɓuya a bayansa. In ya yi nasa, sai ya ɗaga gwiwar hannu, ya koma ƙarshen layi, na biyu ya karɓa. Na gaba ba ya waiwaye, don in ya waiwaya duk sai mu zube.

Akwai kuma wani abu da ba mu taɓa zama mun tsara ba. Iskar gaba tana kwaso maganar na gaba ta zuba a kunnen na baya tsaf, amma shi ba ya jin amsar kowa. Saboda haka duk mai abin da ya tokare masa wuya, sai ya jira lokacinsa na gaba ya amayar. A nan Sipke, ƙaraminmu, ya gaya mana abin da likita ya gani a hanjinsa. A nan ni ma na faɗi cewa ɗiyata ta daina ɗaukar wayata. Ba mai kallon idonka, ba mai ce maka ka yi haƙuri. In an isa shago, wani ya tura maka rabin kek ɗinsa, shi ke nan ka san an ji.

Da Auke ya haura saba'in da biyar ƙafa ta fara ƙi. In ya karɓi gaba sai tafiya ta mutu, mu riƙa taɓa birki muna haɗiye magana. Ba tare da shawara ba muka fara tsallake shi. Duk wanda ya sauko daga gaba sai ya kutsa a gabansa, ya bar shi a ƙarshen layi. A ganinmu tausayi ne. Wata biyu ya yi bai tanka ba, sai ran nan a shagon Jildou ya ajiye cokali.

"Wai ni kaya ne da kuke ja na a baya?"

Kowa ya sunkuyar da kai sai ni, mai neman suna.

"Haba, tsoho, kai ma ka sani. In ka shiga gaba har tumaki wuce mu suke yi. Zauna a baya ka ci bulus, wa ya ce ka biya?"

Aka yi dariya, har da shi. Amma magana zarar bunu ce. Laraba biyu ba mu gan shi ba, kuma ba wanda ya je gidansa, don ba a sa rana ba.

Ta uku sai ga shi a gindin gada da sabon keke mai batir. Auke fa, wanda ya shekara goma yana kiran irinsa keken ragwaye.

"Kai, jama'a, ku zo ku ga!" in ji Sipke. "Mai wasiƙu ya sayo babur. Ina za ka sa mai, baba?"

"A bakinka," in ji Auke. "Ku shiga baya, yara."

Daga ranar bai sake ɗaga gwiwar hannu ba. Tun daga gada har shago shi ke gaba, ƙeyarsa a miƙe. In mun kusa turakun ƙarfen da ke hana mota shiga, ya nuna da hannu ya yi ihu. In akwai kashin tumaki, ya nuna. Mu kuwa, gaskiya ɗaya ce, daɗi muka ji. Tsofaffi huɗu sun sami bango mai tafiya, me ya fi ransu? Ba wanda ya ce masa ya sauko ya huta. Ya samu wurinsa a cikinmu, ko dai haka shi da mu muka ɗauka.

Wata Laraba a watan Oktoba, kwana tara da binne Baukje, iska ta taso da ƙarfi daga teku. Mun je jana'izar, mun sha kofi, mun miƙa masa hannu, kowa ya kama gabansa. Da muka taru a gada na lura ya cire na'urar da ke taimaka masa ji ya sa a aljihu, don iska tana sa ta yi masa fito a kunne. Muna hawa ganuwa tayar Sipke ta yi faci. Muka tsaya, muka ƙwala wa Auke kira mu huɗu. Ina! Ya riga ya sunkuya, ya nausa.

Da na taka da ƙarfi a lokacin, wataƙila da na kamo shi. Ban taka ba. Cewa na yi, "Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari," muka sheƙe da dariya muna kallon jar rigarsa tana ƙanƙancewa. Gyaran ya ɗauke mu lokaci, yayyafi ya sauko, uku suka ce su gida za su koma. Ni kaɗai na bi shi, ba don kirki ba, don ina son kek.

Na same shi a teburinmu mai kujera biyar, hularsa a gabansa, bai sa an kawo komai ba. Jildou ta kalle ni daga bayan teburin ciniki ta girgiza kai.

"Mai babur, ka tsere mana," na ce. "Tayar Sipke ce ta fashe."

Ya ɗauki lokaci yana mayar da na'urar a kunne.

"A ina?"

"A hawan ganuwa."

"Tun daga hawan?"

"Tun daga can."

Ya juya ya dubi taga. Daga nan ana hango hanyar a miƙe har inda ido ya gaji, baƙa wuluk da ruwa, ba kowa a kanta sai tumaki biyu.

"Ashe da tumaki na yi ta magana," ya ce. "Ni kuwa da na ji shiru na ce, kai, yau yaran nan sun iya saurare."

Kilomita goma sha huɗu. Mutumin da tun da na san shi bai taɓa faɗin abin da ya wuce ciwon gwiwa ba.

"Me ka ce, Auke?"

"Ba komai."

"Haba, ɗan'uwa. Ga ni, ga ka. Faɗa mini."

Ya dube ni ido cikin ido, abin da ba mu saba ba, har na ji kunya ta kama ni.

"A zaune? Kana kallona?" Ya ɗan murmusa. "Hidde, shekara nawa na yi ina tara ta. Na riga na faɗa. Ba ni da ta biyu."

Na ce to mu koma kan ganuwa yanzu, ya shiga gaba, ni in bi shi. Ya ce iskar a bayanmu take in za mu koma, ba za ta kawo mini komai ba. Gaskiyarsa ce. Muka dawo kafaɗa da kafaɗa, iska na tura mu har gada.

Bai ƙara zuwa Laraba ba. Wannan karon na karya al'ada, na je na buga masa ƙofa ba tare da sa rana ba. Ya karɓe ni da kyau, ya dafa kofi, ya ba ni biskit ɗaya, muka yi zancen farashin dankali. Sau huɗu na je a wannan hunturun, kuma duk sau huɗun na dawo da kunnena fanko. A watan Maris ya sayar da gidan ya nemi ɗaki a inda Baukje ta ƙare kwanakinta. Keken ya ba ɗan maƙwabcinsa.

Yana nan da rai. Nakan shiga bas in je ranar Lahadi ta farkon wata. Muna zama a gaban taga, ya tambaye ni su Sipke, in gaya masa. Wani lokaci sai in ga ya ja numfashi ya buɗe baki, in yi maza in kawar da kaina gefe don kada ya ga ina kallonsa. In jira, in jira. Sai ya ce, "Kofin nan nasu ba shi da ƙarfi."